Yadda muka rage zafin gidanmu a Kano, da abin da ya dawo da kuɗinsa

Gidanmu irin wanda ya cika sababbin unguwannin Kano ne: bulo inci shida, filasta, rufin kwano, silin na roba, ɗaki uku da falo. Da albashi da adashi aka gina shi, a hankali, kuma lokacin ginin babu wanda ya kawo zancen zafi, daga magini har kafinta. Abin da ke gaban kowa shi ne a rufa a tare. Daga tsakiyar Maris zuwa saukar damina kuwa ɗakin yamma ba ya shiguwa bayan la'asar, kuma ko ƙarfe ɗayan dare ka ɗora tafin hannu a bangonsa sai ka ji ɗumi.

Shekaru muna lallaɓawa da fankoki da ƙaramin janareta, har ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ana cikin haka, ranar 3 ga Afrilun 2024, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sanar da cewa masu rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 na wuta a rana, za su riƙa biyan naira 225 kan kowane yunit, alhali a da bai kai naira 70 ba. Layinmu yana ciki. A goman ƙarshe na azumi aka yi wannan sanarwa, a makon da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Kano ba ta kai nan ba, amma wanda ya yi azumin shekarar ya san abin da aka sha. Katin wutar da ke yi mana wata ya koma ba ya kai kwana goma.

Ina da ƙane da ya karanta lantarki, yana kuma sana'ar haɗa sola. Na ce ya yi mini lissafin solar da za ta ja na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, guda biyu. Da ya rubuto kuɗin sai na ninke takardar na miƙa masa kayarsa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ko da kana da kuɗin nan ba da shi zan so ka fara ba. Gobe da azahar a samo tsani, mu leƙa cikin silin."

Muka leƙa. Ta 'yar ƙofar da ke silin baranda na sa kai, iskar da ta buge ni kamar ta bakin tanda, ban iya minti biyu ba na sauko ina zufa. Shi ya daure ya nuna mini da tocila: babu ko huda ɗaya da iska za ta fita, kafinta ya toshe ko'ina don kada jemage da tsuntsaye su shiga. Kwano in rana ta dake shi yana iya wuce digiri 60. Zafin yana sauka kan silin, silin ɗin roba kuwa ba shi da kaurin da zai tare komai, sai ya miƙa wa ɗaki. Fankar sama kuma, da take rataye a nan, wannan iskar take tarowa ta watsa wa mai kwance. Ya ce, "Ka ga, Yaya, in ka sa esi a haka, kwano yana zuba zafi, kai kana biyan kuɗin kwashewa. Mu fara rage abin da ke shigowa."

Maganar ta tuna mini soron kakarmu a cikin birni. Bangon tubali mai kauri, rufin azara da ƙasa, taga 'yar ƙarama can sama. Da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi, domin zafi yana ɗaukar awoyi kafin ya ratsa wannan kaurin, lokacin da zai iso ciki kuwa dare ya yi, mutanen gida sun baje tabarmi a tsakar gida. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama da rana ya san abin da nake nufi. Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne, na san wahalar yaɓe kowace shekara da fargabar ruwan Agusta. Amma mun bar shi mun kama bulo da kwano ba tare da mun tambayi me zai maye gurbin aikin da kaurin nan ke yi ba.

Kafin a taɓa komai, maman yara ta ɗauko littafi. Ita ce mai lissafin gidan, ta fi ni haƙuri da lamba. Kowace safiya tana rubuta yunit ɗin da ya rage a mita, da litar fetur da aka saya. Muka kuma yi yarjejeniya: ba za a ci bashi ba, kuma abin da aikin farko ya rage mana shi za a tara a yi na biyu.

Aikin farko na kafinta ne, kuma shi ne mafi araha. Ya buɗe hudoji a ƙarƙashin bakin kwano ta gefe biyu, magini ya fasa 'yar taga a ƙololuwar bango ta gabas da ta yamma, aka rufe duka da raga mai ƙarfi saboda jemagu. Iska mai zafi sama take yi, in ta sami hanya a ƙololuwa za ta fice, mai ɗan dama ta shigo ta ƙasa. Bayan haka aka shimfiɗa takardar alminiyum mai ƙyalli, wadda ake sayarwa a naɗe, a ƙarƙashin kwanon. A nan ƙanina ya tsaya a kan kafinta. Kafintan yana so ya manna ta a jikin kwano ya huta, shi kuma ya ce sai an bar rata, ɓangaren mai ƙyalli ya fuskanci iska, in ba haka ba ta zama kwano na biyu. Kafinta ya ce, "Injiniya, ai ni shekara da shekaru ina aikin nan." Ya ce masa, "Na sani, Malam, amma yi mini wannan yadda na ce, in bai yi ba ni zan biya." Da asuba ake aikin, kafin hantsi a sauko, don ba mahalukin da zai iya zama a ciki bayan ƙarfe goma.

Sai fentin kwano. Wannan ne ya jawo mana surutun maƙwabta, har wani ya tambaye ni ko asibiti zan buɗe. An wanke kwanon da omo da buroshi, aka kankare inda ya yi tsatsa, aka shafa jan fentin hana tsatsa, sannan farin fenti shafi biyu. Mai fentin yana taka layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙasa, don kada kwano ya lotsa. Dabarar ba sabuwa ba ce: farin abu yana mayar da yawancin hasken rana, mai duhu yana sha. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, fentin rufi da fari ya shiga cikin abubuwan da suka riƙa yi wa gidajen talakawa. Ranar da aka gama namu na sake hawa tsani da azahar na taɓa kwanon. A da ba ka isa ka ɗora hannu ba. Yanzu ɗumi ne kawai. Aibinsa ɗaya, ƙurar hunturu tana dusashe shi, sai ruwan farko ya wanke, kuma bayan wasu shekaru zai nemi sabon shafi. Bazara kuwa tana zuwa ne kafin ruwan farko, don haka a watan Maris nake sa a hau a wanke.

Bangon yamma shi ma ya sami nasa. Rana daga azahar zuwa magariba a kansa take, bulo kuma yana shan zafi ya riƙe, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki da dare. Muka kafa rumfar zana a jikinsa, aka bar rata tsakaninta da bango don iska ta ratsa, na kuma dasa darbejiya biyu nesa kaɗan da gini saboda saiwa. Itatuwan sai nan gaba za su yi amfani, zanar ce ke aikin yanzu, kuma in ta ruɓe sabuwa ba ta da tsada. Labule mai kauri da muke ta saya a baya bai taɓa yin abin da zanar ta yi ba, domin labule yana tare rana ne bayan ta riga ta shigo ɗaki.

Akwai wani gyara da ba a kashe ko kwabo a kansa ba, amma ya fi kowanne wahalar karɓuwa: lokacin buɗe taga. Al'adarmu a buɗe tagogi da safe a sha iska, a rufe da dare saboda sauro da ɓarayi. A bazara akasin haka ya kamata. Iskar azahar ta fi ta cikin ɗaki zafi, in ka buɗe ka gayyato ta. Da dare zuwa asuba ne take yin sanyi. Muka sabunta ragar sauro, ƙarfen taga dama akwai, muka koma buɗe ko'ina bayan isha, a rufe da hantsi. Mahaifiyata da ke zaune tare da mu ta ƙi. Ta ce, "Kai, ɗan nan, a rufe ni da rana tsaka kamar mai jego?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni mako ɗaya, in bai yi miki ba a buɗe." Ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba, amma yanzu ita ke aika jikoki su rufe tagar falo in rana ta ɗaga.

Waɗannan duka ba su rage kuɗin wuta da yawa ba a karan kansu, gaskiya ke nan, tunda ba mu da esi a lokacin. Abin da suka yi shi ne suka mayar da ɗakunan yadda fanka za ta wadatar. Daga nan ne lissafi ya fara daɗi.

Tsohuwar fankar sama tana cin wajen wat 70. In ta yi awa 12 a rana, a wata ta ci yunit 25 da ɗoriya, a farashin naira 225 kuɗin ya kama 5,670. Sabuwar fanka mai injin DC tana cin wajen wat 30, wato naira 2,430 a wata. Bambancin naira 3,240 ne kan fanka ɗaya, mu kuma huɗu ke gare mu. Daga baya farashin yunit ya ɗan sauko, amma bai yi ƙasa da 200 ba, don haka lissafin bai canza sosai ba. Ɗaya bayan ɗaya muka canza su, muka sayar da tsofaffin ga mai gyara. Ƙwayayen fitila ma duka suka koma LED.

Babban abin shi ne janareta. A daren bazara in ba wuta, yana shan lita uku zuwa huɗu kafin asuba, ban da man inji da kuɗin gyara. Da fetur ya haura 1,000, duk daren da aka ɗauke wuta sai an ƙone dubu uku ko huɗu don a juya fankoki kawai. Da yake sababbin fankokin huɗu gaba ɗaya ba su wuce wat 120 ba, solar da muke buƙata ta zama 'yar ƙarama, ba irin ta takardar farko ba: faifai biyu, batir ɗaya, da ƙaramar inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida. Ƙanina ya kafa faifan suna kallon kudu, ya ɗan karkata su, ya ce Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka karkatar ba ta buƙatar yawa, amma kada a kwantar da su sosai ƙura ta zauna. Ya ware layin fankoki da fitilu da cajin waya daban, ya kuma ja wa kowa kunne: ba dutsen guga, ba hita, ba firji a wannan layin. A kan batir mun yi gardama. Na ruwa ya fi araha, na litiyam ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, yana son a riƙa duba ruwansa, zafi kuma yana gajarta masa rai. Muka jira har kuɗin na litiyam ya cika. Aka ajiye shi a lungun da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ba a kicin ba. Wanke faifan aikin babban ɗana ne, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, kuma a hunturu in ya yi sakaci na mako biyu batir ne ke tona masa asiri, don ba ya cika.

Janaretan yana nan a lulluɓe. Maman yara ta daina buɗe shafin fetur a littafinta. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne barci babu ƙara, da daina tashi ƙarfe biyun dare ana zuba mai da tocila a baki.

Akwai kuma fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a ciki iska ta bi ta jiƙaƙƙen soso. Mutane da yawa sun saya sun ce ba ta aiki, kuma na gane dalilin. Aikinta irin na randa ne, ruwa yana tsanewa yana tafiya da zafi, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita wajen haɗa tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan lambu a Jigawa, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Sai iska ta bushe take aiki. A Maris da Afrilu iskar Kano a bushe take ƙayau, lokacin nan fankar tana ba da sanyi na gaske, muddin an bar taga a ɗan buɗe. In ka rufe ɗaki ruf, ko in damina ta sauka, sai ta cika ɗakin da danshi ka ji jiki yana maƙalewa. Tamu a falo take, tana aiki wata biyu zuwa uku, sauran shekara tana kan durowa.

Esi kuwa ɗaya muka saya, mai ƙarfin doki ɗaya, a ɗakin Hajiya, saboda shekaru da hawan jini. An yi ta kawo mini na hannu a rabin kuɗi, na ƙi. Tsohon samfuri ko dai yana aiki da cikakken ƙarfi ko ya tsaya, sabon mai inbata kuwa in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba a hankali. Mai doki ɗaya in yana ja da ƙarfinsa yana cin wajen wat 800, awa takwas a farashin naira 225 ya kama naira 1,440, wato sama da dubu 43 a wata. Namu a mita ba ya kai rabin wannan, domin rufin ya daina zuba zafi, an toshe ƙasan ƙofa da roba, kuma a digiri 26 muke saita shi tare da fanka. Masu saita 16 suna lulluɓa da bargo su suka san inda suke samun kuɗi. Amma kada wani ya ce maka esi yana dawo da kuɗinsa. Ba ya dawowa, kullum ci yake. Iyakar abin da za a ce shi ne bambancin kuɗin sabo da na hannu ya dawo ta katin wuta. Sauran na lafiyar Hajiya ne, ba a sa shi a littafi.

Hunturu ya zo da nasa darasin. A Disamba da Janairu asubar Kano tana sauka ƙasa da digiri 15, kuma gidan kwano yadda yake saurin ɗaukar zafi haka yake saurin sakinsa. Farin rufin ya sa ɗaki ba ya saurin ɗumama da hantsi, wannan ragi ne da ya kamata mai niyyar yi ya sani. Mun rama ta wasu hanyoyi: a janye zanar yamma rana ta daki bango, a buɗe labule da rana, a rufe tagogi tun magariba, robar ƙasan ƙofa kuma tana tare iska da ƙura. Kaskon gawayi da Hajiya ta saba shiga da shi ɗaki na hana. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, irin wadda hayaƙin janareta ke kashe iyalai da ita. A tsakar gida ake jin ɗumin yanzu, ɗaki kuma bargo da safa.

Ruwan wanka shi ne ɓarawon da ba mu lura da shi ba sai a littafi. Hitar da ake tsomawa a bokiti tana cin wat 1,500. Awa ɗaya kowace safiya, don yara masu zuwa makaranta, a farashin naira 225 ta kama wajen naira 340, a wata dubu goma da ɗoriya. Muka sami baƙaƙen jarkoki aka jera su inda rana ke duka tun hantsi. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin wanka, yara suka koma wankan yamma, na safe kuma a juye a babbar kula ya kwana, da asuba a ƙara masa tafasasshen buta ɗaya. Kuɗin jarkokin bai kai na hitar wata ɗaya ba.

Da muka zauna da littafin bayan bazara ta biyu, ga yadda abin ya kasance. Jarkoki da zana da ƙwayayen fitila sun biya kansu tun a watannin farko. Fankoki sun ɗauki fiye da shekara, domin a hunturu ba a kunna su. Sola, duk da ita ce mafi tsada, kuɗin fetur da gyaran janareta da ta hana sun kusa cike ta. Fenti da takardar rufi da hudoji ba su da shafi nasu, maman yara ta ce ba ta san inda za ta rubuta su ba, ni kuma na ce ta rubuta su a gefen esi biyun da babbar solar da ba a saya ba.

Duk wata tana ware wani abu daga rarar ta ajiye, don batir ba ya dawwama, fenti ma zai nemi sabuntawa. Abin da ya rage a jerin shi ne kicin, wanda rufinsa daban yake kuma ba shi da silin ko kaɗan. Kafinta ya zo ya auna, ya ce a bari hunturu ya shigo, lokacin da mutum zai iya yini a ƙarƙashin kwano.